Zagaiti, Zaite, Diakhité: yadda muka tarar da sunayen gidajenmu a tsofaffin takardu

Mai buɗe zance, daga cikin birnin Kano

Assalamu alaikum. Bayan rasuwar baffana, Allah ya jiƙansa, aka raba littattafansa, sai wata tsohuwar gafaka ta faɗo a rabona, kuma a cikinta na tarar da warƙa guda mai ɗauke da salsalar gidanmu. Tun muna yara ake gaya mana cewa mu Zaitawa ne, zuriyar Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da suka zo Kano daga ƙasar Mali. Amma a kan warƙar, a cikin sunan, tsakanin harafin zaira da harafin ya, akwai harafin angai zaune daram, wato abin da aka rubuta Zagaiti ne. Da farko na ɗauka hannun mai kwafi ne ya zame.

Da na bincika sai na ga ashe angai ɗin ya girmi baffana nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Wangarawa kimanin arba'in ne suka iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a wannan fassarar Zaite aka rubuta. Sai kuma wani littafi da ake kira Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta a shekara ta 1061 bayan Hijira, wajejen 1650, kuma Muhammad al-Hajj ya buga shi a 1968, shi yana da angai a cikin sunan, ya kuma sanya isowar shehin a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, lokacin da al-Maghili ma ya zo Kano. Saɓanin shekarun na bar wa malaman tarihi. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda ya taɓa neman sunan gidansu a tsohuwar takarda ya tarar da shi da wata kama dabam, ya ba mu labarin abin da ya gani da idonsa.

Malamin Larabci, daga Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a takardar haihuwata Touré aka rubuta, irin rubutun Faransanci, kuma na girma ina zaton nan sunan ya fara shiga takarda. Ina aji uku a jami'a muka karanta tafiyar Ibn Battuta, wanda ya ratsa daular Mali a 1352 da 1353, sai ga sunanmu a wani gari da ya kira Zaghari. Ya ce a garin akwai fatake baƙaƙe da ake kira Wanjarata, tare da su akwai wasu farare mabiya tafarkin Ibadiyya da ake kira Saghanaghu, su kuwa fararen da suke Ahlus Sunna Malikawa ana ce musu Turi. Haruffa huɗu ne kacal: ta, wau, ra, ya. Wau ɗin nan shi ne Faransawa suka mayar «ou», ya ɗin ƙarshe kuwa, wanda Balarabe zai karanta da «i», mu a bakinmu «e» ne, domin Larabcin littafi ba shi da wasalin «e» da zai ba mu. 'Yan'uwanmu na Gambiya suna rubuta Touray, na Saliyo suna rubuta Turay, kowa da alƙalamin Baturen da ya mulke shi.

A kan naka sunan, Malam, shi dai Ibn Battuta ya ambaci wani gari a bakin kogi da ya rubuta Zagha, ya ce mutanensa sun daɗe a Musulunci kuma suna da neman ilmi. Wannan garin shi ne Dia na ƙasar Masina a Mali ta yau, wanda ake kuma kira Jakha, kuma daga gare shi malaman Jakhanke suka samo sunansu. Masu bincike irin su Lamin Sanneh sun danganta Zagaiti da Jakhite, wanda ake rubutawa Diakhité a ƙasashen renon Faransa, domin Bafaranshe «di» yake sa wa sautin da mu muke rubutawa da «j». Musanyar «j» da «z» kuwa ni kunnena ya saba da ita: a harshen Songhai, inda mutumin Gao zai ce «z», mutumin Timbuktu da na Jenne «j» suke cewa. Ra'ayina shi ne sunan ya baro yamma da «j», ya bi ta bakin mutanen gabashin kogi ya zama «z», ya shigo Kano a haka.

Mai aikin adana rubuce-rubucen hannu, daga Kaduna

Na yi shekara goma sha ɗaya ina tsara kundin tsofaffin takardu, kuma kuskuren da ya fi ba ni kunya a farkon aikina a kan irin wannan suna ne. Na buɗe wa mutum guda kati biyu, na jera su a wurare dabam-dabam a matsayin malamai biyu, har sai da wani dattijo da ya zo duba kundin ya yi murmushi ya haɗa mini su. Mutumin shi ne Muhammad Baghayogho al-Wangari na Timbuktu, wanda ya karantar da shahararren malamin nan Ahmad Baba, ya kuma rasu a 1594. Sunansa a Larabce haruffa huɗu ne: ba, angai, ya, sai na ƙarshe wanda a wasu kwafe-kwafen yake da ɗigo a kansa, a wasu kuma babu. Idan akwai ɗigon angai ne, a karanta Baghayughu. Idan babu, harafin an-baki-wofi ne, a karanta Baghyu'u. Ahmad Baba da kansa ya san haɗarin, shi ya sa da ya zo rubuta tarihin malaminsa ya tsaya ya fayyace sunan harafi bayan harafi, yana faɗin wanda ke da wasali da wanda ke da ɗauri. Duk da wannan taka-tsantsan, yau zuriyar wannan suna a Mali suna rubuta Bagayoko ko Bagayogo.

Tushen matsalar shi ne Larabci ba shi da harafin «g», saboda haka kowane marubuci yakan ari wanda ya fi kusa a kunnensa. Ku dubi kalmar Wangara kanta. Al-Idrisi, da ya kammala littafinsa a Sisiliya a 1154, da ƙaf ya rubuta ta, Wanƙara. Ibn Battuta, bayan shekara ɗari biyu, da jim ya rubuta. Marubutan Timbuktu sun fi sa kaulasan, su ce al-Wankari. Mu kuma a ajaminmu angai muke ba wa «g». Harafi huɗu ke nan a kan sauti guda, kuma babu ɗaya daga cikin marubutan da za a ce ya yi kuskure. Tun kafin su duka, al-Bakri a 1068 ya ambaci wasu fataken zinariya da sunan da ya iso mana a matsayin Banu Naghmarata, wanda masana da dama suke karantawa a matsayin Wangarata da ta lalace a hannun masu kwafi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa riƙe takardar da gara ta ci ko danshi ya taɓa, musamman da yake a rubutun Magariba, wanda muka gada, ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuma ɗigo ɗaya a ƙasa, akasin yadda mutanen Gabas suke yi. Mai kwafi a Alƙahira, wanda bai taɓa jin sunan da kunnensa ba, ba shi da abin da zai gyara da shi idan ɗigo ya kauce.

Shawarata gare ka, Malam, kada ka bari kowa ya bi kan warƙar nan da sabon tawada da sunan gyara.

Hajiya, daga Zangon Kumasi

Ina gaishe da malamai. Ni ba ma'abociyar tsofaffin takardu ba ce, 'yar kasuwa ce, amma wannan zance ya taɓa ni a inda yake mini ciwo. Mu uku mahaifinmu ya bari. Yayana an haife shi a Jugu, cikin Jamhuriyar Benin, a unguwar da har yau ake kira Wangara, takardarsa ta ce Cissé. Ni an haife ni a Kumasi, malamin makaranta ya rubuta mini Sissey. Ƙanenmu kuwa Sise kawai yake sa wa. Da muka je neman takardar gadon gidan mahaifinmu, ma'aikacin wani ofishi ya jera takardun uku a kan tebur ya ce bai ga shaidar cewa uba ɗaya ya haife mu ba, sai da muka yi wata biyar muna kai da kawowa da rantsuwar kotu da shaidar dattawan zango kafin a saurare mu.

A cikin neman shaidar ne muka buɗe akwatin mahaifinmu muka sami ijazarsa ta karatun Tafsirul Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa, littattafai ukun da malaman Wangara suke ba da rawani a kansu. Sunansa a ciki haruffa uku ne: sin, ya, sin, babu ƙari. Malamin da ya karanta mana ya ce da haka za a iya fitar da Cissé da Sissey da Sise, har da Ceesay na Gambiya da Sesay na Saliyo, kuma ya tuna mana cewa Sise shi ne sunan gidan sarautar Wagadu, tsohuwar daular Gana. Abin da ya ba ni dariya shi ne jerin malaman da ke cikin ijazar cike yake da Saghanughu, kuma maƙwabcinmu ɗan Kodebuwa mai suna Sanogo yana zaune ana karantawa, bai gane cewa sunan gidansu ake ta ambata ba sai da aka gaya masa. Yanzu da na karanta abin da Malam na Yamai ya kawo daga Ibn Battuta, zan je in shaida masa cewa tun 1352 sunansu yake a takarda.

Ɗalibar nazarin harshe, daga Zariya

Hajiya, in Allah ya kawo ki Kano, ki ce a kai ki unguwar Sheshe. Tarihin Kano ya lissafa abokan tafiyar Zaite, a cikinsu akwai Mandawali da Famori da Dukere da Sheshe da Kebe, kuma masu bincike sun daɗe da lura cewa Dukere ya yi daidai da Doukouré, Kebe da Kébé, Sheshe kuma da Sise. Lokacin da nake tattara sunayen unguwanni don aikin digirina na ga cewa ƙa'idar Hausa da kanta ta isa ta bayyana wannan na ƙarshen: «s» idan ta zo gaban «i» ko «e» takan koma «sh», shi ya sa muke cewa ƙasa amma ƙasashe, Hausa amma Bahaushe. Faɗuwar angai a tsakanin wasula biyu kuwa, wadda ta mayar da Saghanughu ya zama Sanogo, ita ce ta rage Zagaite ya koma Zaite, daga nan Bahaushe ya ɗora masa «-awa» ya sami Zaitawa.

Dattijo, tsohon malamin tarihi, daga Katsina

'Ya'yana, na ji daɗin zancenku, amma ku bar ni in ja linzami kaɗan, domin na taɓa yin irin wannan gaggawar na sha kunya. Da ƙuruciyata na haɗu da wani mutumin Mali mai suna Diakité a wajen wani taro, na rungume shi ina ce masa ɗan'uwan Zaitawan Kano. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi daga Wasulu yake, inda Diakité yake ɗaya daga cikin sunaye huɗu na gidajen da asalinsu Fulani ne, tare da Diallo da Sidibé da Sangaré, kuma ba su haɗa kaka da malaman Jakha ba. Kamannin haruffa ya yaudare ni.

Ku tuna kuma cewa abin da Mandinkawa suke kira jamu, wato sunan gida, ba kullum ta jini ake samunsa ba. Almajiri yakan ɗauki na malaminsa, bawa yakan ɗauki na ubangidansa, baƙon da ya zauna a wata ƙasa yakan musanya nasa da wanda ake ɗauka daidai da shi a can. Ko Askiya Muhammadu, wanda ya hau gadon Songhai a 1493, littafin Tarikh al-Sudan na ƙarni na 17 ya kira shi al-Turi, ya kuma ƙara da cewa wasu suna ce masa al-Sillanki, wato tun a ƙarni na 17 ana saɓani a kan sunan gidan babban sarki, balle na talaka. Sannan Tarihin Kano da ke hannunmu ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, saboda haka Zaite da Sheshe da ke cikinsa shaida ce ta yadda Kanawan wancan lokacin suke furta sunayen, bayan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinsu. Zama a unguwar Sheshe ma bai mai da mutum jikan Sise ba, kamar yadda zama a Tudun Nufawa bai mai da kowa Banufe ba.

Mai buɗe zance

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma, kuma na karɓi jan linzamin: warƙata tana nuna abin da kakannina suka rubuta game da kansu, nan ta tsaya. Bayan na karanta bayanin Malam na Yamai game da wasalin «e», na sake fito da ita jiya da hantsi na duba da gilashin ƙara girma. Abin da ke ƙarƙashin ta ɗin ƙarshe, wanda na ɗauka kisira ce, ashe ɗigo ne mai kauri, wato yamala irin ta Warshu mai ba da sautin «e», saboda haka mai rubutun Zagaite ya nufa. Na ɗauki hotonta gaba da baya, na sa ta a tsakanin farar takarda biyu na mayar cikin gafakar, kuma ranar Asabar zan kai hoton wurin wani tsoho a Madabo wanda aka ce yana da wata salsalar da ta fi tawa tsufa, mu ga ko a tasa angai ɗin yana nan.