Man aksil na baya: wanne za a zuba, kuma yaushe?

Mai Hilux: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na ratsa ruwa da motata a hanyar Madarumfa cikin watan Agusta nake jin gunji daga bayanta idan na ƙara gudu, kuma ban taɓa canza man aksil na baya ba, wanda makanikanmu ke kira "pon", tun ranar da na saye ta. Wane mai ya dace?

Tsohon makanike: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka nemi man giya mai lamba GL-5, kaurinsa 80W-90. Idan kuwa kana yi mata lodi mai nauyi a zafin watan Afrilu, 85W-140 ya fi jurewa, muddin littafin motar bai hana ba. Kada ka yarda a zuba maka man inji. Abin da nake jaddada wa yaran garejina shi ne su fara kwance murfin zubawa na sama kafin su taɓa na ƙasa, domin na ga wanda ya tsiyaye man kaf, sannan na saman ya cije, mota ta kwana a kan rami ba mai. A ɗan zagaya da ita tukuna man ya yi ɗumi, a tsayar da ita wuri mai daidai, a zuba har ya fara dawowa ta bakin ramin murfin saman.

Direban Dakoro: Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi shi ne, Alhaji, ka tsaya da kanka lokacin da ake tsiyayewa. Idan man ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Murfin ƙasan kuma yana da maganaɗisu: baƙin gari mai laushi a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma idan ka murza da yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya ko boris sun fara cinyewa, sabon mai kuwa ba zai kashe gunjin ba.

Mai Hilux: Na gode. Bayan kilomita nawa ake sakewa?

Tsohon makanike: A irin yashi da ƙurar hanyoyinmu ni ba na bari ta wuce kilomita 40,000, wanda ya ratsa gulbi kuma ya duba tun a makon. A tsabtace ɗan bututun shan iska da ke saman aksil ɗin, domin idan laka ta toshe shi, zafi kan tura man ta robar gefe ya jiƙa birki.

Mai shagon kayan mota: Alhaji, ka duba ko aksil ɗinka irin LSD ne, wato mai hana taya ɗaya ta riƙa juyawa ita kaɗai a laka ko yashi, domin shi mansa daban ne. Ka sayi galan mai hatimi, ka guji na awo a kwalba, sannan ka riƙo sabon wasa, wato ɗan zoben da ake sa wa murfin don hana yoyo.

Mai Hilux: Allah ya saka muku da alheri. Baba, gobe bayan azahar ina nan tafe garejinka.