Kabarin Maloni a Tudun Keffi

Baƙon Keffi:
Na hau tudu a Keffi ba tare da shiri,
Sai na yi kiciɓis da tsohon kabari,
Bature Kyaftin Maloni ne kwance, ko tari,
Tun 1902 ƙasa ta yi masa ɗauri.
Har tudun ya ci sunansa, ku ji al'amari,
Baƙo ya samu tudu, ina rabon ɗan gari?

Ɗan Zazzau:
Malam baƙo, tambayi wanda ya kwantar da shi,
Magaji Ɗan Yamusa, ba a taka shi,
Wakilin Zazzau ne, Keffi na shakkar shi.
Razdan Maloni ya zauna ƙofar fada, wai a kira shi,
Magaji ya fito kan doki, nan take ya gama da shi.
Ya saki linzami sai Kano, Sarki Alu ya tarbe shi,
In an yi hawa, a dama yake ajiye shi.

Uwar Tagwaye:
Sannu Ɗan Zazzau, kirarinka ya yi daɗi,
Amma da sauran zance, ba ka faɗi.
Ƙauyukan kewaye sun sha hari mai faɗi,
Ɗan mutum ya zama haja, ana ƙirga kuɗi.
Kakata in ta ji sunan Magaji sai gargaɗi:
Rufe bakinka, yaro, kar ka sake faɗi.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, na ji, ban ce waliyyi ne ba,
Shi ma mai jan kunnen bai zo ziyara ba.

Bakanon Dala:
Ku kuna musun tudu, mu muka biya,
Gwamna Lugga ya samu hujjar da yake nema tun jiya.
Ran 3 ga Fabrairu, 1903, aka kawo tsiya,
Igwa na tsawa, ganuwa ta gajiya,
Alu ya tafi Sakkwato, ba ya nan, ya yi tafiya.
Kan Bature ɗaya, birni guda ya zama diyya!

Baƙon Keffi:
To na ga makwancin Kyaftin da idona,
Shi Magajin fa, a ina ya kwana?

Ɗan Zazzau:
Bai koma Keffi ba, gabas ya nufa,
Ya bi Sarkin Musulmi Attahiru ƙafa da ƙafa.
A Burmi, watan Yuli, da wuta ta kafa,
Can ya faɗi cikin ɗaruruwa, ƙasa ta rufa.

Baƙon Keffi:
Ashe tafiyata ba ta ƙare a tudun nan ba.
Wa ya san hanyar Burmi daga Gombe? Ban taɓa zuwa ba.