Ƙanena mai larurar galahanga yana son tuƙin tirela, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ina da ƙane mai shekara 27 wanda likitoci suka tabbatar yana da larurar galahanga (wadda ake kira autism da Turanci) tun yana ƙarami. Ya gama sakandare, yana tuƙa ƙaramar mota da lasisinsa, kuma ya san injin dizal fiye da wasu kanikawa, amma hayaniya tana rikita shi, kuma idan aka sauya masa tsari ba zato sai ransa ya ɓaci. Ya dage sai ya zama direban tirela, mahaifiyarmu kuwa ta ce ba da yawunta ba. Shin wannan sana'a za ta karɓe shi?

Tsohon direba, Kano:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Riƙe sitiyari ba shi ne wahalar aikinmu ba, kuma yaron da ke son tsari zai iya fin da yawa daga cikinmu, domin ba zai tashi mota bai duba mai da ruwa da birki da iskar taya ba. Wahalar tana wajen mutane. Wanda ya ɗauki lodin hatsi daga Dawanau zuwa Legas zai yi ciniki da 'yan kamasho, zai tsaya a shingen jami'ai iri-iri, wani da tsawa zai fara yi masa magana, sannan yana iya kwana a layi a Apapa bai san ranar da za a sauke masa kaya ba. Idan mota ta lalace a daji bayan Mokwa, shi ne zai yanke shawara nan take. Ga kuma zaman yaron mota, wanda ta nan akasarinmu muka koya, kuma ba kowane ubangida ne ke da haƙurin koyarwa ba tare da zagi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Hajiya, kafin komai ku kai shi likita ya duba shi. Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga idan aka kwatanta da sauran jama'a, don haka a tabbatar ba shi da ita, kuma idan yana shan maganin da ke sa barci a gaya wa likitan irin aikin da yake nema. Galahanga ita kaɗai ba ta nufin mutum ba zai iya tuƙi ba.

Wani ɗan'uwa, Zariya:
Ni dai ina bayan Mama. Hanyoyinmu ba su da tabbas, kuma wanda bai iya lallashin jami'i ba zai sha wuya. Tunda yana son inji, me zai hana a kai shi garejin manyan motoci?

Tsohon direba, Kano:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ba kowace babbar mota ce ke zuwa Kudu ba. Akwai kamfanonin da motarsu ke ɗaukar kaya daga masana'anta zuwa sito a hanya ɗaya kullum, takardun kaya a shirye, babu ciniki, direba kuma ya kwana a gidansa. Irin wannan nake ba shi shawarar ya nema. Ya fara shiga makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ta amince da ita, ya yi gwajin tuƙi a wajen jami'an duba motoci (VIO), domin lasisin tirela rukunin G ne, ba irin wanda ke hannunsa ba. Tankar mai kam ya bar ta tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, za mu fara da likita, sannan zan roƙi wani kawunmu da ke tuƙi a irin wannan kamfani ya riƙa tafiya da shi mu ga yadda zai jure. Shin ya dace mu sanar da kamfanin larurarsa tun farko, ko mu bari sai sun ga aikinsa?