Boris ɗin iska na cijewa da damina, ina mafita?

Assalamu alaikum injiniyoyi. Muna da na'urar awo mai yawo kan boris ɗin iska, wato matsattsiyar iska ce ke ɗaga ta daga kan dutsen da take zamewa a kansa; tazararta da dutsen kusan mikron 10 (mikron 1,000 ne milimita ɗaya). Da hunturu lafiya lau, amma tun saukar damina take cijewa, ga ɗigon ruwa a ramukan fitar iska. Matsin iskar bai canja ba, bar 5 ne a ma'aunin matsi. Na sauya matatar iska, kullum ina zubar da ruwan tankin kwamfuresa, a banza.

Na san tururin ruwa bai kai iska danƙo ba, amma ni ina zargin raɓar da ke taruwa idan iskar ta huce. Shin na'urar busar da iska mai sanyaya za ta wadatar, ko sai mai tsotse laima? Ku taimaka.