Me ya sa ake auna nisa da awa, amma ba a auna jira da kilomita?

Malam Habu: Ga maganar da nake so mu tattauna. Ka tambayi mutum nisan Kano zuwa Kaduna, zai ce maka tafiyar awa uku ce, da wuya ya ce kilomita 230. Amma ba wanda zai ce maka "jira ni kilomita goma, ina zuwa". Ni ina ganin hanyar ɗaya ce, ba ta juyawa, kuma dalilin a fili yake. Lokaci yana tafiya a kan kowa, mai zaune da mai gudu. Nisa kuwa sai an sami abin da ke motsi kafin ya zama lokaci, kuma sai an san saurinsa.

Injiniya Rabi: Malam, rabin maganarka na yarda da ita. Matafiyi ba ƙasa yake kashewa ba, yininsa yake kashewa, shi ya sa awa ta fi masa amfani. Amma "awa uku" tana ɓoye abu uku: irin abin hawa, halin hanya, da tsaye-tsaye. Mai ƙafa yana cin kamar kilomita 5 a awa a shimfiɗaɗɗen wuri. Masu hawan dutse suna da ƙa'idar Naismith tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara wata awa ga kowane mita 600 na hawa. Kuma ga inda lissafi ke ruɗa mutane: in ka je da gudun kilomita 60 a awa ka dawo da gudun 30, matsakaicin gudunka 40 ne, ba 45 ba, domin ka fi daɗewa a cikin tafiyar da ba ta da sauri.

Malam Habu: To ai kin ƙarfafa ni ne, Injiniya.

Alaramma Isa: A'a, Malam Habu, a nan zan saɓa maka. Cewa ba a auna lokaci da tsawo ba daidai ba ne, kakanninmu da shi suka yi salla. Kafa sanda mai mita ɗaya a miƙe a ƙasa mai laushi, ka riƙa yi wa bakin inuwar alama kafin tsakar rana. Inda ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, nan ne zawali, azahar ta shiga. La'asar tana shiga idan inuwa ta kai tsawon sandar, bayan an ɗora inuwar zawalin a kai. Wanda ba shi da sanda da sawunsa yake aunawa, ana lissafa tsayin mutum sawu bakwai na ƙafarsa. Haka nafila bayan fitowar rana, ana cewa sai rana ta ɗaga tsawon mashi. Mashi da sawu ai ma'aunin tsawo ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da inuwar zawali. A Kano, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana bi ta tsakiyar kai, inuwar kusan babu. Amma a Disamba sanda mai mita ɗaya tana barin inuwa kamar santimita 70 da tsakar rana. Wanda ya jira inuwa ta kai mita ɗaya kawai a wannan watan zai yi la'asar tun lokacinta bai yi ba, sai ta kai wajen santimita 170.

Malam Habu: Allah ya gafarta malam, wannan ba nisa ba ne na tafiya, agogo ne aka shimfiɗa a ƙasa.

Alaramma Isa: To me agogo yake yi in ba haka ba? Hannu ne ke zagaya da'ira, kana karanta inda ya kai.

Injiniya Rabi: Nan ne gaɓar, a ganina. Lokaci yana komawa nisa duk inda aka sami abu guda mai motsi da kowa ya yarda da saurinsa. Rana tana da wannan: duniya na juya digiri 15 a awa, wato minti 4 ga kowane digiri. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri 8, shi ya sa mai azumi a Maiduguri yake riga na Sakkwato shan ruwa da kamar rabin awa, alhali agogonsu ɗaya. Mota ma haka. Bakanike ba ya ce maka ka dawo bayan awa kaza, cewa yake juye baƙin mai bayan kilomita 5,000, kuma tsufan mota a kilomita ake karanta shi. Janareta da ba ya zuwa ko'ina, da awa ake lissafa masa. Inda ake kuskure shi ne motar da ke yini a cunkoso: inji na aiki, mitar motar ba ta ƙirgawa, mai ya lalace kilomita ba su cika ba. Shi ya sa littafin mota kan ce kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga.

Dakta Maimuna: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren harshe, domin a can lamarin juyawa yake gaba ɗaya. Muna cewa dogon lokaci, gajeren zama, nan gaba, shekarun baya, salla ta matso, dare ya yi nisa, watan ya wuce. Duk kalmomin wuri ne muka ara wa lokaci. Gwada ka yi zancen lokaci na minti biyu ba tare da su ba, za ka sha wuya. Wasu masu bincike, Casasanto da Boroditsky, sun gwada wannan a 2008: suna nuna wa mutane layi yana tsawaita a allon kwamfuta, sai a tambaye su daɗewarsa ko tsawonsa. Layin da ya fi tsawo sai a ga kamar ya fi daɗewa, amma daɗewar ba ta sa an ga ya fi tsawo ba. Ashe a tunani wuri ne ke bai wa lokaci aro. A ma'auni ne kawai lokaci ke rama wa wuri.

Malam Habu: Wannan ya taɓa ni, Dakta. Amma ki lura, "dogon lokaci" ba shi da adadi. Da zarar an zo adadi, awa ake kira.

Dakta Maimuna: Saboda awa kowa yana ɗauke da ita a jiki, yunwa da gajiya da rana suna faɗa maka. Kilomita kuwa sai da kayan awo. Dubi kalmar zango: masaukin fatake ce, kuma ita ce tafiyar da ayari ke yi kafin ya sauka. Masu zuwa Gwanja sayen goro da zango suke ƙirga hanya.

Alaramma Isa: Fiƙihu ma ya riƙe biyun tare. Nisan ƙasaru a mazhabar Malikiyya baridi huɗu ne, mil 48, wanda a yau ake kimantawa da kilomita 80 da ɗoriya, kuma an daidaita shi da tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya. Hanafiyya da kwana uku suka ƙayyade. Da mota ta zo ta cinye wannan a awa ɗaya, malamai suka tsaya a kan nisan, domin shi ne ba ya canzawa da abin hawa.

Injiniya Rabi: Masana awo kuma suka bi ta ɗaya gefen. Tun 1983 ma'anar mita ita ce tazarar da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa. GPS ɗin wayarka, mai nuna maka inda kake, lokaci yake aunawa, daɗewar saƙo daga tauraron ɗan'adam aƙalla huɗu, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jefa ka mita 300 daga inda kake. Ko ba na'ura za ka iya gwadawa da damina: ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce.

Malam Habu: Na janye kalmar "ba ta juyawa". Amma Alaramma, inuwa da mitar mota duk suna da mai motsi guda da aka sani. Kawo mini misali ɗaya inda mutum biyu, ɗaya a zaune ɗaya a kan babur, za su yi alkawarin haɗuwa da kilomita, su kuma haɗu.