Rawar da ba ta da mai kallo: wa ya taɓa gwadawa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka gwada rawar sakin jiki, wadda ba a koya maka taku, babu madubi, babu mai kallo. Mutum ya rufe ƙofa ya bar jikinsa ya motsa yadda ya ga dama, hankalinsa kuma na kan numfashi da abin da gaɓoɓi ke ji. Likita ce ta ce in ƙara motsa jiki saboda rashin barci, ni kuwa tattaki da gudu ba sa riƙe ni. Me rawar ta yi muku, me kuma ta kasa yi? Don Allah a faɗi gaskiya tsagwaronta.

Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam Anti. Ni wuni nake a kan keke, wuya a sunkuye, kafaɗu a ɗage. Da na fara, abin da ya ba ni mamaki shi ne ashe haƙorana a cije suke wuni ban sani ba. Sai da na tsaya shiru ina jujjuya kafaɗa a hankali na ji muƙamuƙina ya saki. Da fari kunya ta dame ni ko da yake ni kaɗai ce a ɗakin, sai in riƙa jin kamar ana leƙe na. Idan kika daure mintunan farko, kunyar kan tafi da kanta. Ciwon wuyan bai rabu da ni ba, amma yanzu nakan ji shi tun yana tasowa, in miƙe in sassauta kafin ya kai ni ga ciwon kai.

Ma'aikaciyar Jinya: 'Yar'uwa, abin ba sabo ba ne. Tun 1942 wata mai koyar da rawa, Marian Chace, ta fara aiki da masu taɓin hankali a asibitin St. Elizabeths da ke Washington, ciki har da waɗanda magana ta gagare su. Ba ta sa su bin takunta. Ita ce ke kallon motsin majinyaci ta kwaikwaye shi, har ya gane cewa an ji shi. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu jinya da rawa ta Amurka, ita ce shugabarta ta farko.

Ni kuma bayan aikin dare nake yi. Nakan dawo jiki a gajiye, amma kai ya ƙi yin shiru: wane majinyaci na bari a wane hali, me na rubuta, me zan tarar gobe. Zama in ce zan natsu bai taɓa yi mini ba, tunanin ƙaruwa yake. Amma idan ƙafa na motsi kuma na ɗora hankalina kan tafin ƙafar da ke taɓa ƙasa, tunanin kan rasa wurin zama. Kuma rawar tana shiga lissafin minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, muddin kin kai inda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ni gwiwa ba ta barin in daɗe a tsaye, don haka a kan kujera nake tawa. Hannuwa, kafaɗu, ƙugu, yatsun ƙafa, duk suna samun rabonsu. Kiɗa ma ba na sawa, numfashina nake bi. 'Yata ce ta ƙarfafa mini gwiwa da labarin ajin rawa na masu cutar Parkinson da aka fara a Brooklyn da ke birnin New York a 2001, inda ake soma darasi a zaune. Na ce in masu karkarwar jiki sun iya, ni ba ni da hujja. Gargaɗina ɗaya: mai shekaru kada ya rufe ido yana tsaye. Jiri ya taɓa ɗiba ta, Allah Ya sa bango na kusa.

Ɗalibin Jami'a: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ni tawa ta ɗan bambanta, kuma ina ganin ya kamata a ji ta. Lokacin da ciwon damuwa ya danne ni, an yi ta ce mini in tashi in girgiza jiki zan warware. Na gwada. Wata rana nakan ji sauƙi na ɗan lokaci, wata rana kuka ne ke ƙwace mini a tsakiya, in zauna abin ya fi da nauyi. Sai da na ga likita na fara magani da zaman tattaunawa, sannan rawar ta zama mai amfani a gare ni.

Ana yawan kawo binciken jami'ar UCLA ta Amurka na 2021, inda kashi 98 cikin 100 na mutum kusan 1,000 suka ce irin wannan rawa ta gyara musu yanayin zuciya. Amma waɗanda aka tambaya masu yin ta ne tun asali; wanda ya gwada ya bari ba ya ciki. Nazarin da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2024 ya fi ƙarfi, domin ya haɗa gwaje-gwaje 218 kan motsa jiki da ciwon damuwa. Rawa ta nuna tasiri babba, sai dai gwajinta kaɗan ne, hujjar tattaki, sassarfa, yoga da ɗaga nauyi ta fi yawa. Anti, in rashin barcin na tafe da baƙin ciki mai tsawo, ki faɗa wa likitar.

Mai Ɗinki: Sannu ƙanena, Allah Ya ƙara sauƙi. Kukan nan ni ma ya taɓa zo mini. Na tsaya, na buɗe ido, na sha ruwa, ban matsa wa kaina ba.

Malamar Makaranta: Ga wanda ya rasa ta inda zai fara, tsarin Gabrielle Roth, Ba'amurkiyar da ta ƙirƙiro 5Rhythms a shekarun 1970, ya taimake ni. Ana farawa da motsi mai laushi da ba ya yankewa, sai mai kaifi daki-daki, sai a saki jiki gaba ɗaya, sai motsi marar nauyi na nishaɗi, a ƙare da natsuwa. Matakin tsakiyar nan ne nake sauke haushin da na haɗiye a aji, yaran ma sun shaida na rage tsawa.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ƙanena, na ji shawararka kuma zan faɗa mata. Sista, da dare ya fi ko da rana?

Ma'aikaciyar Jinya: Mai sa gumi ki yi ta da rana ko da yamma, don jiki ya samu lokacin hucewa kafin kwanciya. Dab da barci ki tsaya kan rangaji a hankali da dogon numfashi, fitila a rage. Fara da minti 10, ki kawar da duk abin da za ki yi tuntuɓe da shi. Mai ciwon zuciya, mai juna biyu da mai allurar insulin su tuntuɓi likita tukuna, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa ya dakata nan take ya nemi asibiti.