Neman shawara: kayan kulocin tsohon Honda CG 125

Mai tambaya, daga Bichi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da babur Honda CG 125 wanda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya a 1982 lokacin yana koyarwa. Da shi ya kai mu makaranta, kuma har yau inji bai taɓa ba ni kunya ba, kik ɗaya yake tashi. Damuwata kuloci ne. In na sa giyar ƙarshe na murɗa totur, sai inji ya yi ta kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, balle in na ɗauko mutum ko buhu. Sau biyu na canza faiba, wato faya-fayen da ke kamawa a cikin kuloci, cikin wata biyar, kowanne ya yi 'yan makonni sai matsalar ta dawo. Da na gaji na sayo kuloci sukutum har da kwanonsa a wani shago, mai shagon ya ce na CG ne, amma bakanike ya yi ya yi, ya ƙi zama. Yanzu shawararsa ita ce a sauke injin a ɗora na Caina. Raina bai kwanta da wannan ba. Don Allah ina ake samun na asali? Ko akwai na wani babur da yake shiga?

Bakanike, Tudun Wadar Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, kada ka bari a sauke injin nan saboda kuloci. Shekarata ashirin da ɗoriya a wannan sana'a, kuma cikin tsofaffin babura babu wanda kayansa suka fi na CG sauƙin samu, domin yawancin injinan Caina da ke kan titi shi suka kwaikwaya.

Fara da wanda ka sayo. Ɗauko tsohon kwanon da sabon, ka ƙirga haƙoran babbar giyar da ke bayansu. Na CG 125 haƙori 73 ne, yana haɗuwa da ƙaramar giya mai haƙori 18 da ke jikin karanshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji. Akwai mai haƙori 70 na manyan injina irin 200, a ido kamar tagwaye suke, amma ba zai taɓa zama da ƙaramar giyarka ba. Ina kyautata zaton shi aka ba ka. Ka kuma ƙirga sifirin ɗin da ke matse faiba: tsoho huɗu gare shi, na yanzu akwai mai biyar, akwai mai shida.

Amma abin da ya fi damuna shi ne faiba biyu a wata biyar. Ko jabu ne bai kamata ya mutu haka ba. Wani abu ne yake cinye shi. Da aka canza, an canza sifirin? An duba filet ɗin ƙarfe da ke tsakanin faiba? Wane baƙin mai kake zubawa?

Mai tambaya:
Oga, na je na ƙirga yanzu, 70 ne kamar yadda ka faɗa. Sifirin kuwa ban taɓa ganin an canza su ba tun da babur ɗin ya zo hannuna. Baƙin mai, na mota nake ɗiba daga galan ɗin yayana, don na ɗauka ya fi kyau tunda ya fi tsada.

Bakanike, Tudun Wadar Zariya:
To ga ciwon nan. Kulocin babur ɗinka a cikin mai yake iyo, man da ke zagaya inji shi ne yake jiƙa faiba. Yawancin man mota na zamani ana zuba masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur. A mota babu laifi, kulocinta a bushe yake can gefe. A babur kuwa santsin nan shi ke sa faiba sulɓi, sulɓi ya kawo zafi, zafi ya ƙone shi. Ka nemi mai wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikin robar, alamar man babur ke nan wanda ba ya sa faiba sulɓi. Wajen lita ɗaya injinka yake ci.

Sifirin da ya shekara arba'in yana danne ya gajarce, ba ya matse faiba yadda ya kamata. Sabo tsawonsa kusan milimita 35 da rabi ne, in ya sauko wajen 34 ya gama aiki. Faiba sabo kaurinsa kusan milimita 3, in ya kai 2.6 a jefar. Filet ɗin ƙarfe kuma ka kwantar da kowanne a kan gilashi. Wanda ya ɗaga gefe, ko ya yi shuɗi-shuɗi don ƙuna, ba ya komawa ciki.

Ɗan acaɓa, Gusau:
Ni dai abin da nake yi, sai in sa wasa, ɗan zoben ƙarfen nan na noti, ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin kowane sifirin, nan take ya kama. Kuɗi kaɗan, aiki ya tafi.

Mai shagon safaya, Kano:
Ɗan'uwa na Gusau, dabararka ta fitar da mutum daga daji ce, ba ta zama ba. Hannun kuloci zai yi tauri, wayar kuloci ta riƙa tsinkewa.

Malam na Bichi, gaskiyar da zan gaya maka a matsayina na mai sayarwa: kada ka shigo kasuwa kana cewa "na 1982 nake nema". Yaron shago bai san shekara ba, abin da ke hannunsa zai miƙo maka. Ka kwance naka, ka wanke da fetur, ka zo da shi a leda. A ɗora sabon faiba a kan tsoho, kunnuwan da ke gefensa su hau kan na tsohon, sannan a zura shi cikin kwanonka a gabanka. Faiba biyar, ƙarfe huɗu. Sababbin kaya ka duba wajen 'yan babura a Fagge. In na kwance kake so, wanda aka ciro daga tsohon inji, Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna. Abin da ya gagara a nan muna aikawa Nkwo Nnewi a Anambra, can ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan, cikin 'yan kwanaki ya iso. Kwali kuwa kada ya ruɗe ka, masu jabu sun iya buga tambari. Faiba mai kyau fuskarsa ɗaya ce ko'ina, ba ya ɓarɓashi in ka kankara da farce.

Dattijo, Maraɗi:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe abin mahaifinka. Irinsa na hau shekara goma sha tara tsakanin Maraɗi da Jibiya. Roƙona ɗaya: tsohon kwanon nan kada ka bar shi a garejin kowa. Ƙarfensa ba irin na yanzu ba ne. In kunnuwan faiba sun yi masa 'yan tsage-tsage a gefen yatsunsa, a bi da magagari a hankali a share, amma kada a ci da yawa, sai ya riƙa ƙara. In ka girgiza giyar da ke bayan kwanon ka ji ba ta lilo sosai, yana da sauran rai. Faiba kuma a jiƙa shi cikin sabon mai ya kwana kafin a ɗaura. Mu haka muka koya.

Bakanike, Tudun Wadar Zariya:
Baba ya faɗi daidai. In ƙara biyu. Kafin kwano ya fito sai an cire matatar mai mai juyawa da ke bakin karanshaf, notinta na da sifana ta musamman. Kada a sa kurfi da guduma a kanta. Tunda an buɗe, a kwashe dattin da ya daskare a ciki, za ka sha mamakin yawansa. Sannan waya: a bar wa hannun kuloci sako-sako na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. In an ɗaure ta tamau, kamar kana riƙe da kuloci ne kullum, sabon faiba ma zai ƙone.

Mai tambaya, bayan kwana tara:
'Yan'uwa, na dawo da bayani. Mai shagon da ya sayar min da kuloci ya karɓi nasa ya musanya min da faiba, sifirin huɗu da gasket. Filet ɗin ƙarfe biyu sun karkace, na samo na kwance a Ƙofar Ruwa. Tsohon kwanon aka mayar bayan an share shi, kuma na tsaya a kai har aka gama. Jiya na ɗauko buhun gero daga kasuwar Badume, ya ja a giyar ƙarshe babu kuka. Oga na Zariya, Alhaji mai shago, Baba na Maraɗi, da ɗan'uwa na Gusau, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: tunda man mota ya daɗe a ciki, in sake juye wannan sabon da wuri?

Bakanike, Tudun Wadar Zariya:
E, ka yi mako biyu da shi ka juye tun inji na da ɗumi, ka wanke 'yar ragar da ke bayan murfin juye mai, sannan ka zuba sabo.